Filin da Motar Baba Ta Tsare

A gidanmu na Bulumkutu, cikin Maiduguri, fili ɗaya ne tak ya rage da za a iya gina ɗaki a kai, tsakanin bishiyar darbejiya da katangar maƙwabta, kuma motar Baba ce zaune a wurin. Ni kuma ɗaki nake so. Bango huɗu da ƙofar da zan rufe in yi barci, shi ke nan. Mu biyar ne a ɗakin da muke kwana: ni, ƙannena mata uku, da goggo, yayar Baba, wadda ta zo daga ƙauye lokacin da mutane suka gudo saboda rikici, ta ce kwana biyu za ta yi, har yau tana nan. A gidan ruwan leda nake aiki. A tsaye nake yini ina ɗaure jakunkuna, in dawo da ƙafafu a kumbure, in tarar wata ta baje littattafanta a kan katifata, wata ana mata kitso, goggo na tsince wake tana ba da labarin mutanen da ban taɓa gani ba.

Motar irin wadda ake naɗe rufinta baya ce, mai ƙofa biyu. Ja ce a da, daga baya ta koma launin tukunyar ƙasa. Baba direba ne, ya daɗe yana tuƙa wani ɗan kwangila baƙo, da gari ya rikice mutumin ya tattara ya tafi, ya bar masa ita a matsayin sallama. Wasu direbobin sun samu abin da suka buɗe shago da shi. Namu ya shigo gida yana hon, da motar da rufinta na yadi ne, a garin da rana ke narka kwalta.

Ni ce babba, don haka wankinta a kaina ya faɗa tun ina ajin farko na sakandare. Idan na yi maganar rufin mota, ba labari aka ba ni ba. Rufi huɗu na wanke a kan motar nan, kowanne da irin wahalarsa.

Na farkon shi ne wanda ta zo da shi, baƙi, mai kauri. In ka duba bakin inda ya yage za ka ga hawa uku ne, yadi a sama, yadi a ƙasa, roba a tsakiya. Tagar bayan ma roba ce, ta riga ta yi ja kamar shayi, ba ka ganin komai ta ciki sai inuwar abin da ke binka. Wannan rufin son da Baba ke masa ne ya kashe shi. Duk Asabar sai garin sabulu da buroshin wanki, ni a kan kujera ina dirza, shi a ƙasa yana nuna mini inda na bari. Ba wanda ya gaya mana cewa akwai abin da aka shafa wa yadin don ruwa ya riƙa zamewa, kuma shi muke kankarewa duk mako. Baƙin ya koma toka-toka. Da damina ta zo sai ya riƙa shan ruwa kamar tawul, ya yi nauyi, ya yi ciki a tsakiya. Muna tafiya coci ruwa na ɗiga a kan gwaggwaron Mama.

Fitar motar ma ba ta da yawa. Kirsimeti, Ista, sai in an yi biki a coci an roƙi Baba ya ɗauki amarya da ango. Ranar yana tashi da wani irin haske a fuska. Mutum biyu ke naɗe rufin, shi ta ɓangare ɗaya ni ta ɗaya, a ɓalle ƙugiyoyi biyu da ke saman gilashin gaba, a ɗaga tare, a tura baya. A shingen bincike sojoji kan tsayar da mu don su kalli motar kawai, su zagaya, su shafa, ɗaya ya tambaya ko tana gudu. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a yi ta don gudu ba, don a gan ka aka yi ta." Su yi dariya su ɗaga mana hannu. Ni ina baya a takure, rana na dukan tsakiyar kaina, ina lissafin wankin da ke jirana in mun koma.

Da na farkon ya ƙare, Baba ya kai ta wurin wani dattijon Kanuri a bakin tasha, mai ɗinka kujeru da rufin keke napep. Na bi shi don ni zan riƙe ɓangare ɗaya. Tsohon ya dube ni ya ce, "Wushe, fero," wato sannu yarinya, sannan ya juya ya ƙare wa motar kallo. Bai taɓa ɗinka irinta ba, kuma bai ɓoye ba. Ya farke tsohon rufin ɗinki bayan ɗinki, ya shimfiɗa kowane yanki a kan leda, irin mai kaurin nan da ake yin kujerar keke da ita, ya zana da alli ya yanka. Aikin ya yi kyau, gaskiya. Ledar baƙa wuluk, tana ƙyalli. Da tsakar rana suka ɗora ta, lokacin da ledar ta yi laushi kamar an dafa, suka ja ta suka ɗame kamar fatar ganga, don haka ake yi wa keke, kuma rufin keke ba ya buɗuwa bare a damu da rufe shi. Muka dawo gida da ita a buɗe Baba na ta gaisawa da mutane.

Washegari da sassafe muka zo rufewa, ƙugiyoyin suka ƙi kaiwa. Ledar ta sha sanyin dare ta tsuke, saura kamar faɗin yatsu uku. Muka ja, Baba ya hau ya danna da ƙirji, a banza. Mama ta tafasa ruwa muka kwara, ta ɗan saki, kafin mu kama ƙugiya ta koma. Sai da rana ta take sannan ta rufu salin-alin. Daga nan motarmu ta zama mai ƙa'ida: ba a buɗe ta ba a rufe ta sai da tsakar rana. Ranar Kirsimeti mu tafi sujada a rufe muna gumi, mu dawo a buɗe muna ƙonewa.

Leda ba ta da wuyar wanki, wannan kam na ba ta. Tsumma da ruwa, ka goge, an gama. Amma a watan zafi ba ka isa ka ɗora hannu a kai ba, cikin motar kuma warin sabon takalmi da aka sa a wuta. Ga darbejiya. 'Ya'yanta su faɗo su fashe, tsuntsaye su yi nasu a kai, in ka bari ya yini sai ya ci wurin ya bar farin tabo. Safe da yamma sai na duba. Sannan ta fara tsagewa a wuraren da take naɗewa. Abokan Baba na tasha suka ce ya shafa man birki. Ta yi ƙyalli yini guda, ƙasa ta manne, ta ƙara bushewa. Goggo ta ce a gwada man kaɗe, tunda yana gyara faso. Muka shafa. Tururuwa suka yi layi daga jikin bishiya har kan rufin, akuyar maƙwabta ta haura ta kan but ɗin motar tana lasa. Ni na kore ta, ni na wanke man, da ruwan zafi, a ranar da nake da jarrabawa washegari.

A cikin shekarun ledar nan na gama makaranta na fara aiki, na fara sayen bulo. Kaɗan-kaɗan, in an yi albashi a kawo mini a amalanke, in jera a jikin katanga. Kowa a gidan ya san na mene ne. Na sami Baba na ce masa filin nake so. Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana, "bari rufin nan ya mutu tukuna. Wa zai sayar da mota mai sabon rufi a kuɗin tsohuwa?" Rufin da ya tsattsage kamar busasshen tafki shi yake kira sabo. Na ce to. Ya mutu kuwa, wata iskar hadari ta kama shi ta tsagar gefe ta yage shi har baya. Na je aiki da murna ranar. Na dawo na tarar da Baba a tsakar gida yana auna tampol da igiya.

Farin tampol ne, irin wanda ake rabawa a sansanonin 'yan gudun hijira, wanda daga baya yake ɓullowa a kasuwa. Har da sauran rubutu shuɗi a jikinsa. Tsohon bakin tasha ya ɗinka, don shi abin da aka kai masa yake ɗinkawa. Yaran layinmu suka sa mata suna motar agaji, in Baba ya wuce su bi shi suna tambaya yaushe za a raba shinkafa. Tampol ba ya shan ruwa, amma duk inda allura ta huda, nan ruwa ke bi, kuma daga nan yake yagewa a jere kamar takardar da aka yi wa huji. Baba ya bi ɗinkin da gam ɗin faci. Ba ya naɗuwa, in ka tura shi baya sai ya tsaya a cunkushe kamar an ɗaure kayan ƙaura. In iska na kaɗawa kuwa, ƙarar da yake yi har cikin ɗakinmu. Shi ba a kula da shi ma, ba abin da za ka yi masa sai liƙi a kan liƙi. Damina ɗaya da zafi ɗaya ya yi, ya fara zuba, in ka zauna a ciki ka fito da farin gari a ka kamar ka je niƙa.

A zamanin tampol ɗin ne motar ta daina tashi gaba ɗaya. Wani abu ne ya lalace a injin, aka zagaye garin ba a samu ba, aka aika Kano ba a samu ba. Tayoyi suka sace. Wata rana na dawo na ga an ɗaga ta an ɗora a kan bulo huɗu. Na tsaya na duba jerin nawa a jikin katanga. Ban ko cire takalmi ba na wuce wurinsa.

"Baba, bulona ne wannan."

"Aro na yi."

"Ka ari bulon ɗakina ka ɗora wa motar da ta hana ni ɗakin?"

Mama na bakin murhu ta ce, "Ke, da ubanki kike magana."

"Na sani, Mama. Shi ya sa ban ɗaga murya ba."

Baba ya yi dariya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ba ya fushi da ni. Ya ce rufi ɗaya ya rage masa, na ƙarshe, don ba zai bari a ja motar ta fita daga gidansa da tsumman agaji a ka ba, mutane su ce haka ya riƙe ta. Na ce na ji wannan a lokacin leda. Ya ce to a yi a gaban shaidu. Ya kira goggo, ta fito da farantin wakenta.

"Ke za ki zaɓi rufin," ya ce. "Duk wanda kika ga dama. Ranar da ruwan sama ya shiga ta cikinsa, mota ta bar wurin, ki gina ɗakinki. Amma ki kula da shi tsakani da Allah, yadda kika saba."

"Wanda zai fi saurin mutuwa zan zaɓa, Baba. Ina gaya maka tun yanzu."

"Zaɓi, Uwata."

Goggo ta ce ta ji, kuma duk wanda ya saɓa ita za ta fara tona shi a zumuntar mata.

Na zauna da wayata na yi ta kallon masu bayani a kan irin waɗannan motoci. Duk bakinsu ɗaya: leda ta fi juriya da sauƙi, yadin kanbas shi ne mai laulayi, yana yin fumfuna, yana ruɓewa, danshi kaɗan ya gama da shi. Na ce na samu. Ban tsaya na lura da cewa duk masu maganar nan a cikin rigar sanyi suke ba, bayansu ciyawa kore shar, sama a lulluɓe. Na je kasuwa da kaina na zaɓo kanbas kore, irin na rufe kayan babbar mota, na kai wa tsohon bakin tasha. Tunda motar ba ta tafiya, shi ya biyo mu gida da kekensa na ɗinki a bayan napep. Ya murza yadin a yatsunsa ya ce allurarsa za ta sha wuya. Baba na tsaye yana ta shafa gemu. Shekarunsa nawa yana ganin kanbas a kan manyan motoci, ya san abin da na ɗauko.

A Maiduguri ina danshin da zai ruɓar da shi? Wata uku ake ruwa, shi ma in ya sauka da safe kafin azahar ƙasa ta bushe. Ranar da ta soya leda ta mai da tampol gari, shi launinsa kawai ta ci, koren ya koma kamar busasshen ganyen kuka, ya tsaya nan. In ruwa ya taɓa shi zarensa ya kumbura ya toshe kansa da kansa. Cikin motar ma ya yi sanyi, don yana barin iska ta ratsa.

Ga shi da son hidima kamar jinjiri. Sabulu ba ya zuwa kusa da shi, mun riga mun koyi wannan da tsada. A bushe ake kakkaɓe shi da buroshi mai laushi, ta gefe ɗaya. Kashin tsuntsu a bari ya bushe a kankare da bayan cokali, sannan a ɗan goga da ruwa zalla. Ba a naɗe shi da jiƙa ko da wasa. Kafin damina kuma sai a narka kakin zuma da ɗan kananzir, a bi shi da tsumma tun daga gaba har baya, a bar rana ta shigar da shi. Wannan aikin yini yake ci, hannuna ya kwana biyu yana wari. Na yi shi shekara ta farko ina cewa ta ƙarshe ce. Na yi ta biyu. Na yi ta uku. Ƙawata a wurin aiki ta ce in ɗauki reza in ɗan ja layi a inda ba za a gani ba. Na ce mata ni ba haka nake ba, in zan yanka a gabansa zan yanka, kuma na riga na ce tsakani da Allah a gaban goggo.

Bulona suka fara cinyewa ta gefe. Yara na hawa, kaji na kwana a kai, na ƙasan suka sha ruwa suka yi laushi. Ƙanwata mai bi mini ta fara kawo ƙawayenta ɗakin suna karatu. Wani lokaci in na dawo aiki a bakin ƙofa nake zama in jingina da bango in rufe ido, don ciki ba wurin miƙe ƙafa.

Shi kuwa Baba, da idonsa ya fara rauni aka daina ba shi tuƙi ko na kwana ɗaya, sai ya koma cikin motar. Bayan karin safe ya ɗauki rediyonsa ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar direba, ya sauke gilashi. Nan yake jin labarai, nan yake gyangyaɗi, nan abokansa ke samunsa, ɗaya ya zauna a gefe su yi ta hirar hanyoyin da yanzu ba a bi. Nan nake kai masa abinci. Ina ganin wannan duka, ba makauniya ba ce ni. Amma shi yana da ɗaki, yana da mota. Ni katifa nake da ita, ita ma rabi.

A damina ta huɗu, wata Lahadi bayan mun dawo coci, aka yi ruwa mai ƙarfi tun azahar. Na lulluɓa da zani na kai masa tuwo a motar. Da na leƙa sai na ga kofin shan ruwansa a kan kujerar gefe, ya ɗora hularsa a kai. Na ɗaga hular. Ɗigo ya faɗo daga sama cikin kofin, ya kusa rabi. Na ɗaga kai, ga layin ɗinkin da ke bin ƙarfen tsakiya ya yi baƙi da ruwa.

"Baba, yana yoyo."

"Wa?"

"Rufin."

"Zare ne ya gaji. Kanbas ɗin lafiyarsa lau, taɓa ki ji."

"Zaren a jikin me yake?"

"Uwata, allura ɗaya ce, kafin ki wanke hannu an gama."

Na ajiye masa tuwon na je na kira goggo. Ta fito da buhu a ka, tana mita an tashe ta. Ta sunkuya ta leƙa, ta sa yatsa a kofin, har da ɗanɗanawa.

Baba ya ce, "Yaya, ki duba da kyau, zare ne."

"Ni ban san zare ba. Ruwan nan daga rijiya ka ɗebo?"

"A'a."

"To daga sama ya zo, ta kanka ya bi. Kai tun kana yaro haka kake, in an kama ka sai ka ce akuya ce." Ta juya ta koma ciki.

Mama ta leƙo. Ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonmu, sannan ta koma ciki ta ci gaba da abin da take yi. Baba ya daɗe yana kallon gilashin gaba, ruwa na gangarowa. Ya ce ya ji, magana ɗaya ce, ya yarda. Sai dai a bari rufin ya bushe, don a naɗe yake so ta fita, kuma ni da kaina na san ba a naɗe kanbas da jiƙa.

Na sani kuwa. Kuma tsakiyar damina ce. Duk ranar da na taɓa na ji ya bushe, in ce gobe zan kira masu sayen ƙarfe, sai ya ɗora tafin hannu a kai ya ce akwai sauran sanyi a ɗinkin, a ƙara masa yini. Kafin yinin ya cika hadari ya haɗo. Har kallon gabas yake yi yana murmushi. Ban yi faɗa ba, na gaji da faɗan. Na ƙyale shi da kofinsa har ruwa ya ɗauke, ganyen darbejiya ya fara zuba. Sannan na je da kaina na kira su.

Su uku suka zo da amalanke da guduma. Babbansu ya zagaya motar ya auna ƙofar gida da ido ya ce ba za ta fita ba. An sake ginin ƙofar bayan motar ta daina tashi, magini ya rage faɗinta, ba wanda ya tuna. Ko a fasa katanga, ko a yanka motar a inda take. Baba ya ce ba za a fasa katanga ba. Ya ce in zo in kama ɓangarena. Ƙugiyoyin sun yi tsatsa, sai da muka ɗiga musu mai. Muka ɗaga tare, ƙarafan suna kuka, muka tura baya, ya bi kowane ninki da hannu yana gyarawa. Mutanen na tsaye suna jira, ɗaya na duba waya. Da muka gama ya ce su kwance kanbas ɗin su tafi da shi, zai yi musu amfani wajen rufe kaya.

"Amma kada ku sa masa sabulu. A bushe ake kakkaɓe shi."

"To, Baba," in ji babban, ya riga ya ɗaga guduma.

Baba ya shiga ya sa rigarsa ta fita, ya ce yana da taro a coci. Ranar Talata ce, ba wani taro. Bai dawo ba sai bayan magariba, washegari ma haka, har suka gama. Ni na tsaya a kansu. Ƙarar ta ishi layin gaba ɗaya, maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko lafiya. Da suka kwashe na ƙarshe, ƙasan wurin baƙi ƙirin da tsohon mai, ga silifas ƙafa ɗaya, ga cokulan Mama da aka yi ta zargin yara, ga ƙadangaru sun rasa inda za su shiga. Magini ya ce sai an kwashe ƙasar an zuba sabuwa, siminti ba ya kama mai. Cikin bulona da yawa sun mutu, ya ɗaga ɗaya ya ruguje a hannunsa. Na sake saye. Ginin ya ɗauki lokacin da ya ɗauka, na daina ma ƙirgawa.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, ban yi fenti ba. Ranar da na shigar da katifata ban yi wata murna ba, jikina duk ciwo yake. Asabar ce da rana. Na tura ƙofa na sa sakata, na kwanta, na miƙe ƙafafuna har ƙarshe ba su taɓa kowa ba. Can na ji ana jan benci a tsakar gida. Aka ajiye shi wajen kicin, Mama ta ce hayaƙi zai dami Baba. Aka ja zuwa bakin ƙofar gida, nan rana ce. Aka sake ja, a hankali, har ya zo ya tsaya a jikin bangona. Sai ya ƙwanƙwasa tagar da yatsa.

"Uwata, inuwar bangon nan taki ta haya ce?"

"Baba, ka zauna. Ka dai rage rediyon."

Ya rage. Na ji bencin ya yi ƙara da ya jingina, na ji yana neman tasha, ya samu, ya ƙara ragewa. Na juya na ba tagar baya. Ƙannena sun ce sun buga ƙofar har sau biyu a kan in ba su aron dutsen guga, Baba ya kore su. Ni ban ji ba.